Ragunan Amana

A gidan Malam Abdulkahar da ke bayan kasuwar Birnin Gwari, rijiya ma kwaɗo gare ta. Tun da bazara ta kama ya sa maƙeri ya yi mata murfin ƙarfe, mabuɗin kuwa yana aljihun gaban rigarsa tare da carbi, ko masallaci za shi da abinsa yake tafiya. Ba wai rijiyar ta ƙafe ba ne gaba ɗaya. Kafin gari ya waye takan tsatso ɗan abin da guga zai ɗebo, fari tas mai sanyi, zuwa hantsi kuma sai ka ji guga yana kartar ƙasa. Wannan ɗan abin shi ake rabawa, kuma rabon yana da tsarinsa da ba ya sauyawa. Raguna ne farko.

Raguna biyar ne, manya, da aka turke domin Babbar Sallah. Tunda daji ya gagari kowa, ba mai kora dabba kiwo, a turke suke ci suke sha kamar baƙin kunya. In sun ƙoshi sai a wuce bayan gida, inda Malam Abdulkahar ya kewaye wani ɗan fili ya shuka masara. Masara ce da ba a barinta ta yi goyo. Da ta kai gwiwa ake yanke ta ɗanya a watsa wa ragunan, don harawa ta yi tsada kuma ɗanyen ganye, in ji shi, shi ke sa gashin rago sheƙi. Daga masara sai randar ɗakin matarsa Huraira, ta girki da shan yaransu. Daga nan sai bokiti biyu na awara. Sannan kwaɗo ya koma mazauninsa.

Bara'atu, matar ƙanensa marigayi, ita ke yin awarar, amma ba ta cikin rabon.

Daga Kakangi ta zo da 'yarta Ma'u mai shekara huɗu, bayan 'yan bindiga sun kashe mijinta Hammadu a gona. Ranar sadakar uku, zaure cike da maza, Malam Abdulkahar ya dafa ƙirji ya ce, "Matar ɗan'uwana da 'yarsa amanata ne. In dai ina numfashi ba za su yi kukan rashi ba." Mutane suka yi ta sa masa albarka har da masu share ƙwalla. Aka ba ta ɗakin da ke jikin turken ragunan, wanda da can buhunan dusa ke kwana a ciki.

Ba a daɗe ba ya gano tana da hannun awara, ya kuwa yi murna. Tun da ɓarayi suka kwashe shanun yankin, makiyayan da suka rage suka yi nisa, nama ya zama sai dai a gaishe shi a kasuwa a wuce, nono kuma sai an yi sa'a. Awara ta zama naman unguwa. Da ita ake miya, da ita ake rarrashin yaro, madarar waken suya kuma ita ake dama fura da ita a gidajen da suka saba da kindirmo. Mata da yara har cikin gida suke shigowa saye, cinikin kuma a hannun Huraira yake tsayawa, wai na cefane. Amma ba cinikin ne ya fi faranta wa maigidan rai ba. Dusar da ke saura bayan an tace waken, da ruwan nan mai ɗan tsami da ke tsiyayowa in an danne awara da dutse, su ne abin da ya ƙwallafa rai a kai, domin ba abin da ke gina rago kamar su. Shi ya sa ruwan awara dole ya zama na rijiya. Abin da zai ƙare a cikin ragunan ba a wasa da tsabtarsa.

Na shan Bara'atu da Ma'u kuwa, jarkoki biyu ne da yake ɗaurowa a babur daga kududdufin da ake buga bulo a bakin gari.

Wata safiya yana jan guga ta tsuguna daga gefe ta gaishe shi.

"Yaya, da za a taimaka mana da ko rabin bokiti ne, na sha kawai."

"Ba ga jarkoki can na kawo muku ba?"

"Na kududdufi ne, Yaya. Har wari ya fara."

"Ki jefa alif. In ya kwanta garau yake komawa, ba mai bambanta shi da wannan. Ruwa ai ruwa ne."

Bara'atu ta san ba haka ba ne. Tana gidan lokacin da ya gwada ba ragunan wannan ruwa, ɗaya ya kwana yana zawo, malamin dabbobi ya zo ya yi faɗa ya ce kada a sake. Tun ranar jarkokin suka koma ƙofar ɗakinta.

"Na ga ragunan ba sa shansa," ta ce a hankali.

Ya tsaya da jan igiyar ya dube ta, irin kallon da ake wa wanda bai san duniya ba. "Bara'atu, ragunan nan ba nawa ba ne. Na Alhaji Bilyaminu ne na Kaduna, ya damƙa mini in turke masa. Amanar mutane ce. In ɗaya ya faɗi, da wane baki zan yi masa bayani?"

"To a bar ni in riƙa bin layin famfo."

"Kina takaba? Ki je ki tsaya cikin maza 'yan garuwa tun asuba har azahar, a ce matar Hammadu ce? Ban lalace haka ba. Kuma wa zai tsaya kan tukunyar? Ki yi haƙuri, ga hadari nan yana haɗowa kullum, yau ko gobe ruwa zai sauka kowa ya huta."

Hadarin yana haɗowa kam. Kowace la'asar gabas takan yi baƙi, iska ta taso ta kwashe ledoji, mata su fito da robobi da tukwane su jera, sannan ya watse ya bar gari da zafin da ya fi na jiya.

Bara'atu ta yi abin da aka ce. Takan jefa alif a jarka, laka ta kwanta, saman ya yi haske har kana ganin gindin moɗa. In ta ɗora tukunyar awara sai ta tura 'yar buta gefen murhu ta tafasa na Ma'u, domin itace ma a ƙirge yake, tunda masu shiga daji yin itace ba duka ke dawowa ba. Amma buta guda ba ta kai yaro yamma a wannan zafi. Uwar tana can tana tata, hannu dumu-dumu da ƙullun wake, yarinya za ta lallaɓa ta karkata jarka ta sha abinta. Wani lokaci kuma takan je ta tsuguna gaban bahon ragunan ta zuba musu ido suna zuƙa.

"Umma, me ya sa nasu ba ya wari?"

"Taso daga nan kada su tunkuye ki."

Gudawar ta fara ne ranar wata Laraba, kafin yamma amai ya biyo baya. Bara'atu ta wanke zane har ta rasa ruwan wankewa, ta koma gogewa da toka. Da maigidan ya dawo daga kasuwa ta tare shi a bakin turke.

"Gudawar bazara ce," ya ce, yana shafa wuyan babban ragon. "Wane yaro ne ba ya yi? Nawa ma duk sun yi sun warke." Da magariba ya aiko mata da ƙwayoyi biyu a ƙulle cikin takarda, ya ji ya sauke nauyi.

Washegari Patience ta shigo sayen awara. Maƙwabciyarsu ce, 'yar Kudancin Kaduna, tana aiki a wani kemis a bakin titi. Ta ga Ma'u kwance a tabarma, ta aje kwanonta ta tsuguna, ta ja fatar cikin yarinyar ta saki. Fatar ta ɗan tsaya kafin ta koma.

"Maman Ma'u, ruwan jikinta yana ƙarewa. Wane ruwa kike ba ta?"

Bara'atu ta nuna jarka da baki. Patience ta buɗe ta sunsuna, ta kawar da kai da sauri.

"Wannan ko an tafasa ba na ciki ba ne. Ga rijiya a gidanku?"

"Da kwaɗo."

Patience ta dubi rijiyar, ta dubi ragunan. Ta fita ta dawo da ledar fiya wata uku da garin gishiri da sukari na kemis. "Iyakar abin da ke gidana ke nan, mu ma saye muke, motar da ke kawowa kuma ta kwana biyu ba ta shigo ba saboda hanya. Ki riƙa ba ta kaɗan-kaɗan, kada ki tsaya. In ya ƙare ki nemo mai kyau ko ta halin ƙaƙa. In ba ta tsaya ba, asibiti."

Leda uku ba su ga yammar ranar ba. Na butar kuwa, da ta kai bakin yarinyar sai ta yunƙuro ta dawo da shi, domin kududdufin ya ja baya har ya zama kore, tafasawa ba ta kashe warinsa.

Bara'atu ta ɗauki moɗa ta nufi ɗakin Huraira. Ta same ta tana tankaɗe.

"Yaya Huraira, ki taimake ni da moɗa ɗaya daga randa."

Huraira ta leƙa waje tukuna, sannan ta ɗebo rabin moɗa ta miƙa mata. "Ki ɓoye a zane. Wallahi ba mugunta ba ce, Bara'atu. Da kara yake auna randar nan, safe da yamma. Ga yara huɗu, ga girki. Ni ma a ƙarƙashinsa nake, in ya juya mini baya ina za ni?"

"Ki yi masa magana mana. Ke yana jin taki."

"A kan ragunan nan? Ko uwarsa ce ta dawo ba zai ji ba. Ya ce in aka sayar da su lafiya Alhaji zai ninka masa na baɗi, har ya haƙa mana burtsatse a gidan nan. Kin ga ai har ke za ki huta. Ki dai daure zuwa Sallah."

Sallah saura mako uku. Bara'atu ta dubi rabin moɗar da ke hannunta, ta yi godiya, don an koya mata godiya.

A wurin matsar awara dabara ta zo mata. Ta kwashe awarar da ta dunƙule ta zuba a buhu, ta ɗora dutse, ruwan ya fara tsiyaya cikin roba, ruwan ɗorawa-ɗorawa, yana tururi. Ta tsaya tana kallonsa kamar ba ta taɓa gani ba. Wannan ai ruwan rijiya ne, kuma ya tafasa ya sake tafasa. A duk gidan, in ka cire randar Huraira, ba ruwan da ya kai shi tsabta, ga shi kuma ita ce da kanta take ɗauka kullum ta juye wa dabbobi. Ta ɗebi kofi guda ta fifita, ta barbaɗa ɗan gishiri da sukari, ta ɗaga kan Ma'u. Yarinyar ta yamutsa fuska don tsamin, amma ta haɗiye. Bara'atu ta jira aman, bai zo ba.

Ranar ta ba ta kofi bayan kofi. Sai dai akwai matsala guda. Bahon ragunan yana da zoben tsatsa a ciki, kuma Malam Abdulkahar ya san ruwan awara daidai zoben nan yake tsayawa. Ya gaza da yatsa ɗaya sai ya tambaya. Bara'atu ta daɗe tsaye da roba a hannu. Sannan ta karkata jarkar kududdufi ta cike gurbin abin da ta ɗiba, ta motsa da dusa don kada a gane.

Kwana biyu ana haka, Ma'u ta tashi zaune. Ta ce a ba ta awara, ta ci rabin yanka, har ta yi wa uwarta gardama a kan ɗankwali. Bara'atu ta shiga ɗaki ta yi kuka mai daɗi, irin wanda rabonta da shi tun Kakangi. Tsoro bai bar ta ba, amma ta ce a ranta raguna manya ne, ɗan abin da take zubawa ba zai yi musu komai ba.

Ya yi wa babban. Da la'asar aka ga ya ƙi ɗanyar masara, ya sunkuyar da kai, bayansa ya ɓaci. Malam Abdulkahar ya zagaya turken ya rasa inda zai sa kansa, sannan ya durƙusa gaban baho ya tsoma hannu ya sunsuna. Ya miƙe a hankali.

"Bara'atu. Me kika zuba a nan?"

Ba ta yi musu ba. Ta faɗa masa duka, tana tsugune. Ta ce ya dubi Ma'u, ga ta can zaune, ruwan ne ya tashe ta.

Bai dubi Ma'un ba. "Na ɗauko ki daga daji, na ba ki ɗaki, na ciyar da ke, sakayyar ke nan? Ki ci amanata a cikin gidana? Kin san abin da ragon nan ya ci tun watan azumi?"

"Yaya, ruwan da na ba shi, shi muke sha."

"Ke da bakinki kina iya cewa ga inda ke miki ciwo. Shi dabba ne, ba ya magana, hakkinsa a wuyana yake. Ranar lahira ni za a tambaya."

Ya faɗi haka da gaske, abin da ya fi ba da tsoro ke nan. Bai ɗauki kansa azzalumi ba ko na minti ɗaya. A ganinsa shi mutum ne mai tsoron Allah da aka cuta.

Daga ranar aka sauya tsari. Bara'atu za ta jiƙa, ta tace, ta dafa, amma yana tsaye a kanta, in kuma zai fita Huraira ta tsaya. Buhun awara da dutsen da robar aka mayar ƙofar turakarsa, shi ke juye ruwan da hannunsa. Randar Huraira aka ja ta ƙuryar ɗaki. Ita Hurairar ta daina haɗa ido da kowa, in Ma'u ta yi kuka sai ta ƙara ƙarar rediyo.

Gudawar ta dawo, ta fi ta farko. Bara'atu ta tafasa na jarka ta tace da ɗankwali ta sake tafasawa, yarinya ta sha ta amayar. Ta leƙa ta katanga ta kira Patience, aka ce tana kemis sai dare. Ta roƙi wata mai sayen awara ta kawo mata ko kofi ɗaya daga gida, matar ta ce to, ba ta dawo ba, wataƙila ita ma randarta a bushe take. Duk wannan a tsakar gidan da ake kwarara bokiti bayan bokiti a gindin masarar da ba wanda zai ci. Bara'atu takan ji ƙarar zubar ruwan daga ɗakinta. Ta san bokiti biyu kacal take mayarwa abincin da rabin unguwa ke ci, ta kuma san bokiti nawa fili da turke ke shanyewa kafin rana ta fito sosai. Sanin bai amfane ta da komai ba.

Safiyar da abin ya kai maƙura, Ma'u ta yi kuka ba hawaye. Idanunta sun faɗa, leɓɓanta sun tsage, tun jiya ba ta yi fitsari ba. In an kira sunanta sai ta buɗe ido rabi ta mayar. Bara'atu ta fito da ita a kafaɗa, ta tarar Malam Abdulkahar yana tura babur waje. Ragon ma bai kwana da kyau ba.

"Yaya, asibiti. Don girman Allah ka kai mu."

"Malamin dabbobi zan ɗauko, an ce yana hanyar Tsohon Birni. In na yi jinkiri zai wuce ƙauye."

"Ka sauke mu a hanya. Ba sai ka tsaya ba."

"Ba hanya ɗaya ba ce. Kuma ba a kai mara lafiya asibiti a yar, sai an tsaya an yanki kati an yi magana da likita. Ki jira in dawo, yanzu-yanzun nan. Ki ba ta sauran ƙwayar."

"To ka bar mini mabuɗin."

Ya taɓa aljihunsa, kamar mai tabbatarwa yana nan. "An riga an ɗebi na yau. In aka ƙara ja, laka za ta taso ta ɓata na gobe." Ya tayar da babur ya tafi.

Ta jira. Wannan jiran shi ne abin da ba za ta taɓa yafe wa kanta ba, ko da yake ba ita ya kamata ta nemi yafiyar ba. An raine ta a kan mace ba ta fita sai da izini, balle mai takaba, balle wadda ke cin arzikin gidan wani. Rana ta take, inuwar katanga ta tsuke, babur bai dawo ba. Da ta ga kan Ma'u ya langaɓe, sai ta goya ta, ta ja mayafi ta fita ko takalmi babu. Huraira tana bakin murhu ta ce, "In ya dawo me zan ce masa?" Bara'atu ta wuce, ta nufi kemis ɗin da Patience ke aiki.

Patience ta bar kemis a buɗe ta tare musu ɗan acaɓa. A asibiti ma'aikatan ba su ɓata lokaci ba, suka kwantar da yarinyar suka ɗauko ledar ƙarin ruwa. Suka nemi jijiya a hannu, suka nema a ƙafa, suka aske gefen kai suka nema. Wata ma'aikaciya mai furfura ta ce a hankali, ba da faɗa ba, "Da jiya kuka zo." Daga ƙarshe sun samu, ruwan ya fara ɗiga, tsabtatacce, a hankali. Bara'atu ta zuba wa ledar ido tana ƙirga ɗigon da leɓɓanta. Ko kwata bai shiga ba Ma'u ta cika, ana kiran sallar la'asar.

Da suka dawo da ita a naɗe cikin zanen goyo, gidan yana warin allurar dabbobi. Babban ragon ya miƙe yana taunar ɗanyar masara. Malam Abdulkahar yana zaure da waya a kunne, muryar Alhaji Bilyaminu tana fitowa har tsakar gida: "Madalla, Malam. Shi ya sa ba na ba kowa dabbobina sai kai. Riƙon amana ya yi wuya a zamanin nan." Yana cikin cewa "Ai hakki ne, Alhaji," ya ga abin da ke hannun Patience. Ya kashe wayar ya yi salati, ya kuma yi kuka, hawaye na gaske, don 'yar ƙanensa ce.

Nan da nan gida ya cika. Maza suka shimfiɗa tabarmi a waje, aka aika a haƙa kabari don a samu a kai ta kafin magariba. Kowa ya zo sai ya riƙe hannun Malam Abdulkahar ya ce ya yi haƙuri, ya yi iya ƙoƙarinsa, ya riƙe marainiya har kwananta ya ƙare. Yana amsawa da "Haka Allah ya so." Ba wanda ya tambayi abin da ta sha. A garin nan kowa ya san gudawa tana kashe yara da bazara, kuma in an ce bazara ce ta yi, ba sauran mai laifi. Ba a kai ƙarar zafin rana wurin mai unguwa.

Tsohuwar da ke wankan gawar mata a unguwar ta iso da ganyen magarya a ƙulle. Ta nemi ruwa. Huraira, da idanunta suka kumbura, ta jawo jarkar da ke ƙofar ɗakin Bara'atu. Malam Abdulkahar yana shigowa da likkafani ya gani.

"A'a, a'a. Mayar da wannan," ya ce. "Ba a wanke gawa da ruwan kududdufi. Sai mai tsarki."

Ya sa hannu a aljihu ya fito da mabuɗin. A gaban matan unguwa ya buɗe kwaɗon, ya zura guga. Tun safe rijiyar ta ɗan tara, laka kuma ba ta taso ba. Ya cika bokiti ɗaya, ya cika na biyu, fari tas. "In bai isa ba a yi magana," ya ce. "Kada a yi mata ƙwauro."

Bara'atu, da tun asibiti ba ta ce uffan ba, ta taso. Ta ɗauki moɗar Ma'u, 'yar ƙarama mai lanƙwasasshen hannu, ta tsoma a bokitin ta cika ta. Matan suka buɗa mata hanya. Ta durƙusa inda aka shimfiɗe yarinyar, ta tsoma yatsa ta shafa a tsagaggun leɓɓan, ta sake tsomawa ta shafa.

"Ma'u, ga na rijiyar," ta ce. "Baffanki ya buɗe. Wannan ba ya wari."

Patience ta juya ta fuskanci katanga. Malam Abdulkahar ya gyara murya ya ce wa matan su riƙe ta, zafin rashi ne, ba ta san abin da take faɗa ba. Ya mayar da murfin, ya datse kwaɗon, ya koma wurin maza.

Aka yi mata wanka, aka sallace ta, aka kai ta. Yarinya ce ƙarama, ba ta ci ruwa da yawa ba, bokiti na biyu ko rabi ba a taɓa ba. Da aka dawo daga maƙabarta Malam Abdulkahar ya gan shi a bakin ɗakin Bara'atu. Ya tsaya ya dube shi, ya ga ba kyau a bar ruwa mai kyau haka ya kwana a buɗe. Ya ɗauka ya juye wa ragunan.